Ceɗiyar Iya da Gilashin Gwamnati

A gidanmu ba a taɓa jin Iya ta ambaci sunan Baba ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Idan za ta yi maganarsa sai ta ce "mai gidan nan", idan ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Shi ma idan ya zo gaishe ta da safe, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ya ce, "An tashi lafiya?" yana kallon ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Duk maganar da ta wuce wannan, ni ce mai ɗaukarta. Ni ce babbar jika a gidan, tsakanina da ita babu shamaki, in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce mini uwar surutu. Sai ka ga su biyun a tsakar gida ɗaya, ta ce, "Ke, gaya wa mai gidan nan gishiri ya ƙare." Yana ji da kunnensa, amma sai ya jira na juyo na maimaita kafin ya ce to.

Kafin a haife ni aka tashi ƙauyenmu saboda madatsar ruwa ta Tiga, aka kawo mutanenmu wannan fili a ƙasar Bebeji. Ranar da motoci suka zo kwasar kaya, kowa ya ɗauki abin da yake gani ba zai iya rayuwa babu shi ba. Wasu turmi, wasu ƙyauren ɗaki, wasu har azara suka zare daga rufi. Iya kuwa sawa ta yi aka saro mata reshe daga ceɗiyar ƙofar gidansu, wadda kakana yake zama a ƙarƙashinta kafin ya rasu. Ta naɗe gindin reshen da jiƙaƙƙen buhu, ta rungume shi a bayan mota. Ceɗiya ba ta da wuyar sha'ani, kafa reshen kawai za ka yi ka riƙa ba shi ruwa. Mutane a ƙofar gida suke dasa ta, amma Iya ta ce ba za ta bar wa awakin da ba ta san masu su ba, don haka a tsakiyar tsakar gida ta kafa shi.

Ni da na yi wayo, bishiyar ta riga ta rufe gidan gaba ɗaya. Gidan ba wani girma gare shi ba, ita kuwa ceɗiya ba ta san iyaka ba. Rassanta sun hau kan ɗakin Baba, sun leƙa madafar Inna, wato mahaifiyata, har sun tsallaka katangar maƙwabta. A gindinta aka yi sunana, a nan na koyi tatata. Bayan azahar tsofaffin matan tsohon ƙauye sukan taru a nan, wata da gyaɗar ɓara, wata da mazarin kaɗi, su yi ta gardama a kan garin da ke ƙarƙashin ruwa. Gidan wane ne yake dab da rijiya, ta ina hanyar makabarta ta bi, kukar wa ta fi daɗin miya. Ban taɓa ganin garin nan ba, amma da za a janye ruwan yau, ina jin zan kai kaina ƙofar gidanmu ba tare da tambaya ba.

Akwai kuma wata Bafulatana mai kawo nono, daga rugar da ke bayan gonakinmu. Nan take sauke ƙwaryarta ta huta. Duk bazara, idan ciyawa ta ƙare, sai ta roƙi Iya ta bari samarinsu su sassaro ganye saboda 'yan maruƙa. Duk bazara kuma amsar ɗaya ce. Iya za ta ba ta ruwa, ta ba ta goro, ta ba ta tuwon da ya kwana, amma ganye ko ɗaya.

A farkon shekarun casa'in, ina 'yar makarantar sakandare, aka yi shela a ƙofar gidan mai unguwa cewa gwamnati ta kawo wani shiri na gwaji. Za a sa wa gidaje fitilar da ke aiki da hasken rana, gwamnati ta biya kaso mafi yawa, mai gida ya cika sauran, kuma za a fara da mu da aka tasa saboda ruwa. Yanzu kowa ya san sola, har mai shayi. A lokacin kuwa gilashi muke ce masa, kuma mutane da yawa sun noƙe. Wasu suka ce yana jawo tsawa, wasu suka ce duk abin da gwamnati ta ba ka da araha haraji na biye da shi. Baba, wanda sana'arsa kamun kifi ce a Tiga da ɗan noman rani, shi ya fara ɗaga hannu. Mutum ne mai son sabon abu, ga shi ba ya son surutu, abin da ya sa ba a cika gane inda ya dosa ba sai ya isa. Ya sayar da ragonsa ya cika nasa kason. Tun kafin kayan su zo abokansa na majalisa suka laƙaba masa Mai Lantarki.

Masu aikin suka zo a a-kori-kura. Suka sauke faifan gilashin, baƙi mai sheƙi, bai fi ƙyauren taga girma ba, da batir irin na mota, da dogayen ƙwayayen fitila biyu, da wani ɗan akwati mai ido kore da ja. Shugabansu wani siririn mutum ne mai magana a hankali, muna ce masa Injiniya. Ya tsaya a tsakar gida ya kalli bishiyar, ya kalli rufin, ya sake kallon bishiyar. Ɗakin Baba ne kaɗai mai rufin kwano, kuma wayar da aka haɗo da kayan iyakarta ke nan. Ya ce za a ɗora shi a kusurwar gabas inda hantsi ke ɗan taɓawa, a gwada a gani. Aka rataya ƙwai ɗaya a zaure, ɗaya a bakin madafa.

Da magariba ta yi aka kunna. Yaran unguwa suka cika zaure maƙil, manya suna shigowa da sunan gaisuwa. Hasken fari ne tas, ba irin jan hasken aci-bal-bal da muka saba ba, har tsagar da ke jikin turmi sai da na gani. Iya ta ɗaga asabarinta ta leƙo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ashe haka fuskarki take? Gara duhun." Ta saki asabari ta kwanta.

Murnar ba ta yi nisa ba. Kullum hasken sai ya ragu, jan idon akwatin ya riƙa ƙiftawa, har ta kai kafin a kira isha'i fitilar ta ɗauke. A majalisa aka samu abin yi. Wani ya ce wa Baba, "Mai Lantarki, wutar taka ai ta riga kaji kwanciya." Waɗanda suka ƙi shiga shirin su suka fi kowa dariya. Na ga Baba ya daina daɗewa a waje.

Injiniya ya dawo da tsakar rana ya hau rufin, ya tsaya kusa da faifan, shi da faifan duk a cikin inuwa. Da ya sauko ya ce wa Baba abin kamar shanya ne, ba ka baza hatsi a inuwa ka ce bai bushe ba. Ya ce idan aka ci gaba a haka batirin zai lalace. "Ko dai a rage bishiyar nan sosai, ko mu ɗauke kayan mu kai inda za su yi aiki, don akwai masu jira. Zan dawo bayan sallah." Bai faɗa da gatsali ba, bai kuma san tarihin bishiyar ba. Baba ya ce, "Allah ya kai mu," ya raka shi har mota. Iya tana ɗakinta, asabari a sake, kuma kunnenta bai taɓa ba ta matsala ba.

Na zauna ina jiran a aike ni. Na ɗauka ɗayansu zai kira ni ya ce je ki ce kaza. Shiru. Baba idan yana alwala sai in ga ya ɗaga kai yana bin rassan da kallo, Iya kuma daga bakin ƙofarta tana kallonsa yana kallo. Ran nan na gaji na ce, "Baba, in gaya mata wani abu ne?" Ya ce, "Na aike ki?" Na koma wajen Iya na ce, "Tsohuwa, kin ji abin da mutumin nan ya ce?" Ta ce, "Ni ya zo gani?" Haushi ya kama ni da su duka biyun. Ni dai gaskiya ina son fitilar, don a ƙarƙashinta na fara karatu ba tare da hayaƙi ya sa ni hawaye ba. Kuma ina son bishiyar. Na rasa wadda zan yi wa addu'a.

Ana cikin haka Baba ya ɗaure bandar kifinsa zai kai Kwanar Dangora. Ya ce wa Inna wataƙila ya zarce Kano ya kwana biyu a can. Bai faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba, don ta san halinsa.

Ranar da ya tafi, mai nono ta zo ta sauke ƙwarya. Bazara ce sosai, kuma ta riga ta yi roƙonta na shekarar an hana ta. Sai na ji Iya ta ce mata, "Ki turo yaran naku gobe da sassafe. Su zo da adduna da jakuna." Matar ta zaci wasa ne, ta yi dariya. Iya ba ta yi ba.

Da ta tafi na faɗa ɗakin Iya. Na ce, "Iya, don Allah ki bari Baba ya dawo."

Ta ce, "Idan yana nan ai ba zai bari ba, don kar a ce ya sare wa tsohuwa bishiya saboda fitila. Kuma ba zai roƙe ni ba har duniya ta naɗe, na san halin wancan. Ni kuwa ba zan miƙe ƙafa a inuwa ana sauke masa kaya daga rufi gari na kallo ba."

Na ce, "To a rage gefe ɗaya mana."

"Gefe ɗaya a dawo a ce bai isa ba? Tashi ki ba ni wuri, uwar surutu."

Na je wajen Inna. Ta riƙe haɓa. Suruka ce, ba ta da bakin da za ta ce wa uwar mijinta kada ta taɓa abin da ta dasa da hannunta.

Samarin suka zo kafin rana ta yi zafi. Babbansu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, wane reshe?" Ta ce, "Duka." Ya dubi 'yan uwansa, suka yi magana da Fulatanci, ya sake juyowa ya ce, "Duka duka?" Ta ce, "Ka bar mini gangar jikin kawai." Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, tana nuna musu inda za su kiyaye kada reshe ya faɗa wa kwano. Farin ruwan ceɗiyar ya riƙa ɗiga a ƙasa yana manne wa mutum a ƙafa. Tsuntsayen da ke kwana a ciki suka yi ta kewaye gidan. Jakuna suka riƙa fita da ganye suna dawowa. Samarin suna ta godiya, ita kuwa ko kallonsu ba ta yi, idonta na kan aikin.

Kafin azahar an gama. Ban taɓa sanin haka gidanmu yake ba. Ƙarami ne, bangonsa duk tsaga, ga rufin maƙwabta a fili. Ƙasar tsakar gida ta ɗauki zafi har ba ta takuwa babu takalmi. Da tsofaffin suka zo hira, ta farkonsu ta tsaya a bakin zaure ta saki salati, ta bayanta ta fashe da kuka. Iya ta ce, "Mutuwa aka yi? Ku shigo daga ciki." Suka cunkushe a ɗakinta suna fifita, amma ranar babu wadda ta ɗauko zancen tsohon gari.

Washegari da la'asar ina ƙofar gida ina share ragowar ganye, na hango Baba tafe daga bakin titi. A kafaɗarsa akwai dogon bututun ƙarfe, a hannunsa buhu mai nauyi. Yana tafe da sauri, abin da ba halinsa ba. Sai ya ɗaga kai ya ga sarari a inda ya saba ganin kore. Ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye kafin ya ƙaraso.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Iya ce ta sa."

Ya sauke ƙarfen a hankali, ya buɗe bakin buhun. Waya ce baƙa mai kauri, a nannaɗe. Ya ce ranar da ya raka Injiniya mota ya tambaye shi ko akwai wata hanya, shi kuma ya ce idan an samu waya mai kauri da turke mai tsayi, ana iya kafa faifan a garkar bayan gida inda rana take wuni. Wayar ce babu a kusa, sai Kano. Ya ce, "Na so sai na kafa shi, ta tashi kawai ta gani." Ban taɓa jin ya yi mini doguwar magana irin wannan ba, kuma ba ni yake kallo ba.

Daga nan ya ɗaure buhun, ya ce, "Kama mini." Muka zagaya ta baya. Ya tura wayar a ƙarƙashin rumbun dawa, ya kwantar da ƙarfen a gindin danga ya rufe shi da kara. Ya ce, "Kada ta ji. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Ya shiga gida hannu rabbana, ya durƙusa a ƙofarta ya ce, "An wuni lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau." Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke, gaya wa mai gidan nan na gaji da sharar ganye ne, shi ya sa." Ya jira. Na juyo na maimaita. Ya ce, "To. Ki ce mata an gode."

Daga ranar fitilar ba ta sake ɗaukewa ba sai mun kashe ta da kanmu. Injiniya ya dawo bayan sallah ya ga koren ido, ya yaba. A majalisa dariya ta koma roƙo, masu rediyo suna tambaya ko za a iya jona musu. Na yi karatun jarrabawata a bakin madafa, Inna ta daina tuƙa tuwo da tocila a baki. Amfaninsa ba ƙarami ba ne, ba zan rage masa komai ba. Sai dai Iya da ta idar da isha'i take kwanciya, tun tana yarinya haka take. Ita rayuwarta da rana ce, kuma ranar ce ta zame mata aiki. Da safe ta shimfiɗa tabarma a gindin bangon gabas, hantsi ya kore ta, ta ja ta koma ɗaki, da la'asar ta fito ta bi inuwar bangon yamma.

Baba ya kafa mata rumfar zana a jikin kututturen. Ta fito ta duba ta ce, "Gaya wa mai gidan nan rumfarsa ta yi ƙasa." Amma ta shiga ta zauna. Rumfar ba ta ɗaukar mutane da yawa, kuma inuwar zana ba ta da sanyin inuwar ganye. A hankali tsofaffin suka koma wani gida mai mangwaro a ƙarshen unguwa. Suna aiko mata da gaisuwa, wani lokaci ɗaya ta leƙo, amma ƙafafun Iya ba sa kai ta can. Sai ta koma ba ni labarin tsohon gari ni kaɗai, ni kuwa ba ni da abin da zan yi mata gardama da shi. Ta kan fara, ta ga ina ta gyaɗa kai, ta ce, "Ke ba ki da daɗin hira," ta bar zancen. Wannan ya fi komai ba ni tausayi.

Ceɗiya ba ta mutuwa da sara. Damina na sauka ta fara tofo, kafin kaka sababbin rassa sun miƙe. Na yi murna, na ɗauka abin zai gyara kansa. Amma da Iya ta ga ganye ya doshi indararo sai ta aika rugar Fulani. Kowace shekara haka. Baba yana ji yana gani, ya ɗauki komarsa ya tafi ruwa tun kafin su iso.

Sau ɗaya na same shi a garka na ce, "Baba, mu kafa turken nan mana, mu ce yanzu aka samo dabarar." Ya ci gaba da ba wa tumatir ruwa. Can ya ce, "Iya ba yarinya ba ce. Ko yau na ce na sayo, za ta gane akwai wata hanya tun farko. Yanzu tana ganin ta yi mini wani abu. Ki bar mata shi." Inna ta gano wayar da kanta ranar da ta bi wata kaza ƙarƙashin rumbu, ita ma ta ja bakinta.

Iya ta rasu cikin wata damina, ina shekarar farko a kwalejin horon malamai. Rashin lafiyar gajeriya ce, kuma har ta cika ba ta san komai game da abin da ke ƙarƙashin rumbu ba. Bayan an yi sadakar arba'in baƙi sun watse, muna zaune a tsakar gida da yamma, bishiyar ta sake yin tofo, kore shar. Inna ta dube ta, ta ce wa Baba a hankali, "Malam, tunda Allah ya yi ikonsa, a fito da wayar nan mana a mayar da gilashin baya, a bar ta ta yi inuwarta."

Baba ya daɗe yana kallon rumfar. Ya ce, "Ta yi wa wa?"

Ya ɗauki buta ya nufi bayan gida, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, shi ma ta baya na gani, a motsin kafaɗunsa.